Jikokin Wake-wake

Ranar da na tare a gidan mijina a unguwar Mabera ta Sakkwato, cikin 2015, bayan 'yan rakiya sun watse, surukata ta shigo ɗakina da kaza a hammata, an ɗaure ƙafafunta da tsumma. Ta dire ta a bakin ƙofa ta ce, "Ga taki, ɗiyata. Macen da ba ta da kaza, in baƙo ya sauka sai ta tsaya kallon aljihun miji." Na durƙusa na yi godiya, amma a raina dariya nake. Lokacin ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba, kaina cike da lissafin aikin koyarwa da albashi, ga gado da kujeru sababbi, sai a kawo mini kaza? Sagara ce, baƙi da fari a jikinta kamar an watsa mata wake, shi ya sa muka riƙa kiranta Wake-wake har sunan ya bi ta.

Inna, haka muke kiran surukar tawa, a ƙauye take zaune wajen Wurno, sai jefi-jefi take shigowa birni. Da ta koma na saki kazar a tsakar gida na manta da ita. Ita ta nemi wurin kwananta da kanta a madafa, bayan turmi. Zakaran maƙwabta ya riƙa tsallako katanga, ba a jima ba na tarar da ƙwai goma sha ɗaya cikin tsohuwar ƙwarya. Ta hau kwanci, kwana 21 cif ta fito da 'yan tsaki tara. Shirwa ta ɗauki biyu, ɗaya ya faɗa bokitin wanki, shida suka rayu. Haka abin ya yi ta tafiya, ni dai nawa in watsa tsaba da safe, in kakkaɓe musu ragowar tuwo da dare. Kafin ƙarshen 2017 kaji 23 ne a gidana. Ban taɓa kashe ko sisi a kansu ba, don haka na yanke hukunci cewa kazar gida ita ke kiwon kanta, mutum dai ya mallake ta kawai. Har nakan faɗa wa abokan aikina a makaranta haka, da ɗan alfahari.

Cikin watan Disamba na wannan shekarar, hunturu ya sauko da ƙura har ba a hangen ƙarshen layinmu da safe, na je kasuwa sayen kayan miya. A bakin hanya na ga wani mutum riƙe da jan zakara, ƙato, zankonsa kamar an shafa masa man ja. Kuɗin da ya faɗa bai kai na sagara ba. Da ina da wayo da nan na tsaya na tambayi kaina abin da ya sa mutum zai kusan kyautar da irin wannan zakara. Ni kuwa murna na yi, na ce yau na yi tsintuwa. Na kawo shi gida na kwance shi a tsakiyar kajina.

Kwana biyu bai yi cara ba. Na ce baƙunta ce. Rana ta uku na same shi tsugune a gindin randa, ya runtse ido, fukafukai sun zube ƙasa, yana buɗe baki yana jan numfashi da wani ƙara kamar mai minshari. Kashinsa ruwa-ruwa, kore da fari. Da la'asar ya mutu. Bayan kwana huɗu sai nawa suka fara. Wanda bai ga wannan ciwo ba ba zai gane ba. Kazar da jiya take tsere da 'yan uwanta a kan ƙwayar gero, yau ka gan ta tsaye wuri ɗaya kamar an dasa ta, tana gyangyaɗi da rana tsaka. Wasu wuyansu ya murɗe, kai ya juye sama, suna zagaye a wuri ɗaya har su faɗi. Akwai wata baƙa da nake so, ta zo har bakin ƙofar ɗakina tana son shan ruwa, bakinta na sara gefen kasko yana kuskure ruwan. Na riƙe kanta da hannuna na tsoma mata bakin. Ta sha, ta mutu a cinyata.

Babu abin da ban ba su ba. Wata ta ce in jiƙa barkono, na jiƙa. Wata ta ce saƙe-saƙin maɗaci, na aika aka samo. Aka ce tafarnuwa, aka ce kafso ja da rawaya a fasa cikin ruwa, duk na yi. Kowace safiya sai na shiga madafa da faɗuwar gaba in ƙirga gawa. Cikin kwana tara kaji 23 suka koma uku. Wake-wake na cikin ukun, sai dai wuyanta ya ɗan karkace, kuma haka ya zauna har ƙarshen ranta, kullum kamar tana sauraron gulma ta bayan katanga.

Abin da ya fi damuna har yau ba asarar ba ce. Duk kazar da ta mutu, yaro nake ba ya je ya jefar a jujin bayan layi. A wannan juji kajin unguwa suke tono. Maƙwabciyata ta jikin katanga, bazawara ce mai 'ya'ya biyar, da kajinta take biyan kuɗin Islamiyya da sabulu. Mako biyu bayan nawa, nata suka kwanta, ko ɗaya bai tsira ba. Ba ta ce mini uffan ba. Muna gaisawa, amma gaisuwar ta koma ta fatar baki, kuma 'ya'yanta suka daina shigowa gidana kallon talabijin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani yaro a layinmu da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna tsokanarsa da "Likita" tun yana aji ɗaya. Shi ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce abin da muke kira ciwon kaji, su a makaranta Niyukasil suke ce masa, sunan wani gari ne a Ingila inda cutar ta ɓulla kusan shekara ɗari da suka wuce. Ya ce ƙwayar cutar irin wadda kafso ba ya kashewa ce, in ta shiga jiki ba ta da magani, sai dai wadda kwananta ke gaba ta tashi. Tana bin numfashi da kashi da majina, tana bin takalmin mutum da kwandon dillali da kaskon ruwa. Ya ce, "Anti, mutane da yawa in sun ga kajinsu sun fara gyangyaɗi, kasuwa suke rugawa da su kafin su mutu a hannunsu. Shi ya sa kika samu zakaran nan da araha." Ya ƙara da cewa kazar da ta mutu rami ake haƙa mata mai zurfi a binne, ko a ƙone, domin ba kowace mutuwar kaji ce wannan ciwon ba, akwai murar tsuntsaye da ta fara shigowa Najeriya a 2006 ta jihar Kaduna, ita kuwa har mutum tana iya kamawa. Na yi shiru ina tuna sau nawa na ba ƙaramin yaro gawar kaza ya riƙe da hannunsa.

To daga nan sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fito daga tsoron na farko. Na ce tunda cuta daga waje take zuwa, zan toshe wajen gaba ɗaya. Na ci adashi, na kira magini ya yi mini ɗan ɗaki na bulo a kusurwar yamma, aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe. Taga ko ɗaya ban bari an yi ba, sai 'yan ramuka biyu a sama da hannu ba zai shiga ba. Magini ma ya ce, "Hajiya, ba za a bar musu iska ba?" Na ce iskar ce ai ta kashe mini na farko. Na kulle kaji ukun da 'yan tsaki bakwai da Wake-wake ta sake ƙyanƙyashewa, ina jin na fi kowa dabara a unguwa.

A watan Fabrairu lafiya lau. Maris ya shigo suka fara rage cin abinci. Duk wanda ya san Sakkwato ya san abin da Afrilu ke nufi: ma'aunin zafi ya haura 40, ƙarfen ƙofa ya gagari taɓawa, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Wata ranar Talata na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, na buɗe ƙofar ɗakin, wani hucin zafi haɗe da warin kashi ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Ruwan robarsu ya ƙare tun ban san yaushe ba. Huɗu sun mutu a jikin ƙofa, sun taru inda ɗan siririn iska ke shigowa ta ƙasa. Sauran sun baje fukafukai, baki buɗe, maƙogwaro na kaɗawa. Na kwaso su na kai gindin dogonyaro ina yayyafa wa ƙasa ruwa ina kuka, ba kukan kaji kaɗai ba, har da na wautata.

A makon nan Inna ta zo. Ta zagaya ɗakin, ta sa kanta ciki ta fito da sauri tana fifita da mayafi. Ta ce, "Mi kinka gina nan, ɗiyata? Wanga ba akurki ba na, tanderu na. Kaza ba kuɗɗi ba ta da za ki kulle cikin akwati." Ta ce in dubi yadda kaza take yi in ta samu sake: da rana inuwa take bi, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta, da dare kuma sama take nema ta hau. "Ki bi ta ki ga abin da take so, sannan ki gina mata." Daga baya Likita ya ba ni dalilin a ilmance, wai kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafin jikinta, don haka in iskar da ke kewaye da ita ta tsaya, ta gama yawo. Magana ɗaya suka faɗa, kowa da harshensa.

Maigidana ne ya ɗauki guduma da kansa ya fasa bangon. Abin da muka mayar da ɗakin shi ne yake nan har yau, kuma duk wadda ta zo neman shawara nan nake fara kai ta. Tsawonsa ƙafa takwas, faɗi ƙafa shida. Bulo ya tsaya iya gwiwa, daga nan zuwa rufi ragar waya ce mai ƙananan ido ta ɓangare uku, yadda iska za ta ratsa ta fita amma ɓera da muzuru ba su samu hanya ba. Kwanon rufin mun ɗaga shi sama, muka shimfiɗa zana da karan dawa a kansa, don kwano tsirara a garin nan wuta ne. Bangon yamma kaɗai muka bari cikakke saboda ranar la'asar. A ciki kafinta ya gitta sanduna biyu, tsayin ƙugu daga ƙasa, kauri kamar muciya, a nan suke kwana. Ƙasan siminti ne, ina zuba ɓuntun shinkafa da nake samowa wajen masu injin casa, kaurin yatsu huɗu. A kusurwar da ta fi duhu na jera tsofaffin kwanduna uku da ciyawa busasshiya, wurin ƙwai ke nan. Kaza ba ta son a kalle ta tana saka ƙwai, in wurin ya cika haske za ta tafi ta nemi bayan buhun gawayi. Kaji goma sha biyar nake bari a ɗakin, in sun haura sai in rage, don cunkoso shi ke kawo tsattsagar juna da wari.

Da hunturu ina rataya buhuna a gefen gabas da arewa inda iskar ke bugowa, da dare kawai, gari na wayewa in naɗe. Da damina kuwa abin da nake tsaro shi ne jiƙewar ɓuntu. In ya jiƙe ya dunƙule, warinsa na hawa ido, 'yan tsaki su fara zawo, wani lokaci har da jini. Da na ga haka nake kwashewa in zuba sabo. Ba na zubar da tsohon. Wani dattijo mai lambun albasa a fadama yana aiko yaro da amalanke duk bayan wata biyu, shi kuma in ya cire albasa ba ya mantawa da ni.

Yinin kajina da asuba yake farawa. Ina idar da salla nake zuwa in buɗe musu, kuma ba na buɗewa in juya. Tsayawa nake in ga yadda kowace ta sauko daga sanda. Lafiyayyar kaza rige-rigen fita take yi. Wadda ta tsaya baya, ko ta sauko tana jan ƙafa, ko zankonta ya yi fari ko ya yi duhu, nan take nake ɗauke ta in kife ta da kwando can bayan madafa. Sannan in duba ƙarƙashin sanduna in ga kashin daren. Wannan dubawar ba ta cin minti biyar, amma ita ce ta fi komai amfani a duk abin da nake yi musu. Daga nan sai ruwa. Kaskon ƙasa nake amfani da shi, ba roba ba, don ya fi riƙe sanyi, kuma kullum sai na cuɗe shi da soso kafin in zuba sabo. Guda uku ne, duk a inuwa. Da bazara sau uku ake canzawa, na tsakar rana babbar 'yata ke yi in ina makaranta, ta kuma yayyafa ruwa a gindin dogonyaro su samu ƙasa mai sanyi. A irin waɗannan watanni ba na ba su abinci mai nauyi da rana tsaka, sai da sassafe da kuma bayan la'asar in gari ya sassauta. Ƙwai ma raguwa yake yi, ɓawonsa ya yi laushi, na daina ɗaga hankalina a kan haka.

Abincin nasu ba wani na kanti ba ne. Dusar gero ko ta masara mudu uku, tsakin masara ko dawa mudu biyu, ƙuli-ƙuli dakakke marar yaji kusan mudu ɗaya, ɗan gishiri kaɗan, in dama da ruwa ya yi danshi yadda iska ba za ta kwashe ba. Ɓawon ƙwan da muka ci ba na yarwa, ina gasa shi a kasko in daka in zuba a ciki. Gasawar dole ce, in ka ba su ɗanye suka gane ɗanɗanonsa, su da kansu za su koma fasa ƙwansu. Ganyen zogale da ragowar alayyafo ina ɗaurewa da igiya in rataya su yi ta tsalle suna tsinka. Abu ɗaya da na hana shi ne tuwon da ya yi funfuna da hatsin da ya ruɓe. Da can nakan ce ai kaza ce, komai ta samu ci take. Ci take, amma ba komai ke barinta lafiya ba.

Dabarar gara kuwa Inna ce ta koya mini. A sami tsohuwar tukunyar ƙasa, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumma, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke fitowa, nesa da ɗaki. Bayan kwana ɗaya ko biyu in ka ɗaga da sassafe ta cika da gara. Ranar da na fara juye ta a gaban 'yan tsaki, yadda suka rufar mata sai da na yi dariya ni kaɗai. Tsakon da ke samun gara, girmansa daban ne.

'Yan tsaki su ne inda yawancinmu ke asara ba mu lura ba, domin ɗaya-ɗaya suke tafiya. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to ni yanzu na raba ta da tsoron. In kaza ta fara kwanci, ƙwai goma zuwa sha biyu nake bar mata, in yi wa kowane alama da gawayi don kada wata ta zo ta ƙara sabo a rikice. Bayan kamar kwana goma, da dare, ina haska kowane da tocilar waya. Mai rai za ka ga duhu da jijiyoyi a ciki, wanda haske ya ratsa fayau kuwa ɓara-gurbi ne, in cire shi kafin ya fashe ya ɓata gurbin. In ta ƙyanƙyashe, ita da 'ya'yanta ƙarƙashin babban kwando suke zama a inuwa, mako huɗu zuwa shida, ina matsar da kwandon kullum zuwa busasshen wuri. Ruwansu a murfin kwano nake zubawa in jera tsakuwa a ciki, tun da na tuna da wanda ya mutu a bokitin wanki. Da damina in ƙwan zabi ya yi araha nakan saya in sa wa kaza mai kwanci. Shi sai ya kai kwana 28, amma kaza ba ta ƙorafi, ta fi uwar zabuwar ma iya riƙo.

Ƙuma ta taɓa addabarmu har ta shigo mana ɗaki. Wata ta ba ni shawarar in fesa musu maganin ƙwari na gona, Allah ya sa ban yi ba, don na ga gidan da aka yi haka kajin suka bi ƙumar. Abin da nake yi shi ne, na haƙa ɗan rami a gindin katanga na cika shi da toka da yashi mai laushi. Su da kansu suke zuwa su yi birgima su kakkaɓe. Ciyawar gurbi kuwa duk kazar da ta gama kwanci sai na ƙone ta, in shafe bango da sandunan da farar ƙasa.

Saura batun rigakafi, wanda a kansa ne muka sha gardama da Inna. Ita a ganinta ciwon kaji iska ce ta hunturu, in ta zo ta zo, ba a taɓa yi wa kaza allura a gidansu ba kuma ba su rasa kaji ba. Likita ya ce mini akwai iri biyu da ake samu. Akwai Lasota da ake zubawa a ruwan sha, akwai kuma wani mai jure zafi da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, wanda ake ɗiga wa kowace kaza ɗigo ɗaya a ido. Duk bayan wata uku zuwa huɗu ake maimaitawa, kuma lafiyayyu ake yi wa, in ciwo ya riga ya shiga gida an makara. Matsalar ita ce ƙaramar kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, tana son sanyi tun daga kanti har gida, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta daɗewa take daina aiki. Ni da kaji goma sha biyar, me zan yi da ragowar?

Wannan ne ya kai ni ƙofar maƙwabciyata, bayan kusan shekara muna gaisuwar nesa. Na shiga da sallama, na tarar ta sake tara 'yan kaji shida. Na ce, "Yaya, na zo ne da magana biyu. Ta farko ki yafe mini, ni na jawo miki abin da ya faru bara." Ta daɗe tana tankaɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Na sani. Jira nake ki faɗa." Magana ta biyu ita ce ta kwalbar. Ita ce ma ta zagaya gidajen layin, don ta fi ni shiga mutane. Asabar ta farko gida bakwai muka haɗa kuɗi, Likita ya sayo maganin cikin kula da ƙanƙara. Tun dare kowa ya kulle kajinsa, da sassafe muka bi gida-gida, yara na kamawa ana ɗigawa, tsofaffi na leƙe ta zaure suna cewa 'yan boko sun ƙare da sa wa kaji kwalli. Hunturun wannan shekarar ciwon ya ratsa unguwa, ya share layin bayanmu. A gidaje bakwai ɗin nan kaji biyu kawai suka mutu, su ma sababbin saye ne. Yanzu gida goma sha tara ne, Likita ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa tuni, maƙwabciyata ce ke riƙe da littafin da muke rubuta ranakun. Na farkon Nuwamba ba ma yarda ya wuce mu ko da me ake ciki.

Ba zan ce kaji sun mayar da ni mai kuɗi ba, ƙarya ne. Tun da masara ta yi tsada a 2023 ma sai da na rage su zuwa goma na wani lokaci. Amma a farkon 2023 ɗin, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace a hannun mutane, maigidana ya yi ta yini a layin banki yana dawowa hannu rabbana, da ƙwai na riƙa karɓo tumatir da attaruhu wajen mai kayan miya har kusan mako uku. Gab da kowace Salla ina aika zakaru uku ko huɗu kasuwar Kara a sayar, kuɗin ɗinkin yara ke nan. In baƙo ya sauka kuwa ba na kallon aljihun kowa, nan kam Inna ta yi gaskiya tun ranar farko.

Wake-wake ta kai shekara shida da wani abu. Ta daina ƙwai, ta daina hawa sanda, sai na ajiye mata bulo a ƙasa take kwana a kai. Maigidana ya yi ta tsokanata wai sabo da kaza ba ya hana yanka, na ce wannan dai ya hana. Wata safiya cikin damina na same ta a kan bulonta ta sandare. Na haƙa rami mai zurfi a gindin dogonyaro da hannuna. Rabin kajin da ke gidan nan jininta ne, akwai masu zanen nata sak.

Makon jiya Inna ta zo duba jikokinta, ta tsufa sosai yanzu, sai da aka riƙo ta daga mota. Ta zo mini da tsaraba, wata jar sagara mai kyau daga ƙauye. Na karɓa na yi godiya, na wuce da ita bayan madafa na kife ta da kwando, na sa mata kaskonta daban. Inna ta bi ni da ido. Ta ce, "Ɗiyata, har tawa?" Na ce, "Inna, ko ta Sarkin Musulmi ce sai ta yi kwana goma sha huɗu a nan." Ta riƙe baki ta juya wajen ɗanta ta ce, "Ka ji matarka." Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana dariya. Ba ta ƙara cewa komai ba har ta tafi, amma jiya ta sa an kira ni a waya, bayan gaisuwa ta ce yaya fursunarta. Na ce tana ci tana sha, kashinta lafiya, saura kwana biyar a sake ta.